Eparama da Fuskar Gidan Ah Tong

Eparama taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara a tsibirin Kadavu ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba, kuma da muka girma muka dawo Suva, babban birnin ƙasarmu, da halinmu muka taho. Ni ina sayar da kava, wani tsiro da ake daka saiwarsa a jiƙa a sha, a saman kasuwa, saiwa da dakakke, shi kuwa sana'arsa rushe gidaje. In ya hawo benen kasuwa da yamma, fari fat da ƙura tun daga gashi har yatsun ƙafa, nakan ɗaga murya don maƙwabtan teburina su ji.

"Ku ba shi hanya, ga Baturen Kadavu nan ya iso."

"Baturen da zai auri mai kava," in ji shi. "Sala, auno mini, kuma ki janye yatsanki daga kan sikelin nan, ina gani."

"Wa zai aure ka? Mutumin da in ya shiga gida sai ya fito da ƙofar a kafaɗa?"

Ƙato ne, faɗin bayansa kamar ƙyauren shago, amma in yana magana sai ka matso kafin ka ji. A coci kawai muryarsa take fitowa. Shi ne mai kaurin murya a cikin mawaƙa, in ya ja baiti har bencin da kake zaune yakan yi rawa.

Da ya zo Suva yana saurayi, a gidan wani mai burodi da ake kira Ah Tong ya sauka, kamar kowane mutumin ƙauyenmu. Benen katako ne a titin da ke gangarawa bakin ruwa. A ƙasa gidan burodi, a sama ɗakuna a jere, duk mutanen Kadavu a ciki. Babana, Sakiusa, shi ne babba a gidan. Ya yi shekaru yana kuku a jirgin ruwa, da ya ajiye aiki sai ya kama ɗakin gaba, mai taga da baranda a kan titi. Daga nan yake ganin wanda ya sauko daga jirgi da tabarma a hammata, ya ƙwala masa kira ya hawo ya sha shayi. A wannan ɗakin aka raba faɗan ma'aurata, a nan aka tsara aure da jana'iza. A lokacin kowane shago a garin yana da rumfa a gabansa, wannan ta kama waccan, ta yadda ruwan Suva da ba ya gajiya zai yini yana zuba, kai kuwa ka tashi daga tashar jirgi har ƙofar gidanmu rigarka a bushe.

Ba zan ce gidan Aljanna ba ne. Ɓeraye sun fi mu yawa. Banɗaki ɗaya ne, ana layi. Da Eparama ya auri Unaisi, ɗakin baya suka samu, wanda ke daidai kan tandun burodi. Zafi na tasowa daga ƙasa, ruwa na ɗiga daga sama, bangon kullum a jiƙe, baƙi ƙirin da fumfuna. A ɗakin aka haifi 'yarsu ta fari, Vasiti. Tun tana jaririya ƙirjinta yake kuka. Ba ta kai ga tafiya ba ta rasu, a hannun uwarta, suna jiran motar haya a ƙarƙashin rumfa.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, mata na zaune a tsakar bene, Eparama ya wuce mu ya shiga ɗakin. Muka ji ƙara sau ɗaya. Da na leƙa na tarar da hannunsa ya shige cikin bango har gwiwar hannu, gara na zubowa a kan tabarma kamar shinkafa. Ya zaro hannun, ya dube shi, ya ce da ni, "Dubi abin da muke kwana a ciki." Bai yi kuka ba, ranar ko bayanta.

Bayan 'yan watanni ya bar dakon kaya a tashar jirgi ya koma wajen wani ɗan kwangila mai suna Dayal, wanda aikinsa rushe tsofaffin gine-gine. Ya kuma kwashe matarsa suka koma haya a bayan gari.

Aikin ya karɓe shi. Shekarun nan ne Suva ta shiga sāke fata, duk inda ka juya an kewaye wani wuri da kwano ana bugu a ciki. Eparama yana iya tsayawa a gaban gida ya yi shiru yana kallo, sannan ya nuna wa abokan aikinsa katakon da za a fara cirewa. Ya rushe shagunan teloli, ya rushe gidan sinima, ya rushe wani masaukin matuƙan jirgi da kowa ya san abin da ake yi a bayansa. Rufi da silin na yawancin gidajen na asbestos ne, wani falle mai kama da siminti, da zarto suke yanka shi su jefo ƙasa, ƙurar ta tashi fara ta lulluɓe su. Sukan ɗaura tsumma a hanci in sun tuna. In rana ta yi tsaka su zauna a kan tarin, su kwance ƙunshin roti, wata gurasar fulawa, da dafaffen rogo su ci da hannun nan nasu.

Abin da ke fitowa a gurbin kuwa, ba mu taɓa ganin irinsa ba. Wata Lahadi bayan coci ya ja ni da Unaisi wai sai mun je mun ga wani sabon gini inda sinimar take a dā. Dogo ne, jikinsa duk madubi mai launin shuɗi, a ƙofarsa ginshiƙai manya masu launin ruwan hoda, samansu an yi musu kwalliya kamar kek ɗin biki. Can ƙololuwa kuma an ɗora wani abu mai siffar ɗakin ciyawa irin na ƙauye, amma na ƙarfe, an shafa masa koren fenti.

"Wa zai kwana a can?" Unaisi ta tambaya.

"Tankin ruwa," in ji shi. "Ku zo ku ji wani abu."

Ya je ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ɗaya da bayan yatsa. Ya amsa kamar ganga.

"Babu komai a ciki. Ba abin da yake ɗauke da shi, ado ne kawai."

"Ashe ɗan'uwanka ne," na ce. "Ga girma, ciki fanko."

Ya yi dariya har da riƙe ginshiƙin. Amma na lura da yadda yake shafa jikinsa da tafin hannu. Ya ce, "Ku yi ta dariya. Taɓa ki ji, Sala. A bushe yake. Yaro zai kwana a irin wannan ya tashi lafiya."

"Yaron wa za a bari ya kwana a nan?" na ce.

Ya ci gaba da shafa ginshiƙin. Yana son gine-ginen nan tsakaninsa da Allah, duk da shi ne kan gaba wajen yi musu ba'a. Wani mai goshi kamar coci alhali takalma ake sayarwa a ciki, wani mai tagogi zagaye kamar jirgin ruwa, wani an manna masa filafilan kwalekwale na roba a bango. In mun ce garin ya zama kamar mahaukaciyar da ta sa duk kayan akwatinta a rana ɗaya, sai ya ce gara mahaukaciya mai wanka da mai hankali mai ƙazanta.

Bayan juyin mulki mutane da yawa suka tattara suka bar ƙasar. Jikokin Ah Tong na cikinsu. Suka kashe tandu, suka sayar da gidan ga wani kamfani, aka ce mu nemi wuri kafin ƙarshen damina. A lokacin ni da 'ya'yana muna ɗakin da ke kusa da na Baba, mijina ya daɗe da rasuwa. Muna cikin neman inda za mu sa kanmu sai labari ya zo cewa Dayal ne ya samu kwangilar.

Eparama bai bari mun ji sauran a bakin wani ba. Ya zo da hantsi, ya yi wanka ya ɗaura zanensa na zuwa coci, ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofar ɗakin Baba kamar yadda ya kamata. Ina baranda ina tsince wake, ina jin su.

"Kawu, ni aka ba aikin gidan nan."

Baba yana naɗa taba. Bai ɗago ba.

"Maigidana ya ce wanda ya zana sabon ginin, wani ne daga ƙasar waje, yana so a bar fuskar gidan. Bangon gaba da baranda da tagogi. Sauran duka a cire. Ya ce in aka sa katafila fuskar za ta bi sauran, sai dai da hannu, a hankali. Shi ya sa ya ce ni."

"A bar fuska," in ji Baba.

"Haka suka ce. Wai tarihi ce."

"To bayan fuskar fa? Mu ba tarihi ba ne?"

"Kawu, in na ƙi, wani za a ba. Gidan ya riga ya tafi."

Baba ya lashi takardar tabar ya manne ta. A al'adarmu ɗan 'yar'uwa yana da ikon shiga gidan kawunsa ya ɗauki abin da ya ga dama, alade ko tabarma ko kwalekwale, ba mai ce masa don me. Eparama bai taɓa ɗaukar ko cokali ba. Baba ya dube shi ya ce, "Uwarka ƙanwata ce. Duk abin da ke gidana naka ne, haka muka tarar. Ban dai san har da rufin ba. Ɗauka."

Ya fito ya same ni a baranda. Ban ɗago daga kan waken ba.

"Ba za ki zage ni ba yau?"

"Zagin wasa nake yi maka. Yau ba ni da shi."

Ya tsaya yana kallon titi. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ɗakin bayan nan da shi zan fara." Da na dubi fuskarsa na gane ba tilas kaɗai ba ce. Ya daɗe yana jiran gidan nan.

Mutanen gidan suka watse, wasu suka koma ƙauye, wasu suka raɓe wajen dangi. Ni da Baba muka samu fili a unguwar kan laka, can bayan Vatuwaqa, inda ake kafa ɗaki a kan turaku saboda ruwan teku na shigowa ƙarƙashi sau biyu a yini. Eparama ne ya gina mana ɗakin. Duk Asabar sai ya zo da motar Dayal cike da katakon da gara ba ta ci ba, daga gidan da yake rushewa, ya yini yana bugu shi kaɗai. Baba na zaune a kan akwati yana kallon ruwa. Ba ya ce masa sannu, ba ya ce masa bari. In na kawo abinci su ci a kwano ɗaya, ba magana.

Na je na ga gidan sau ɗaya ana cikin aikin. Sun tokare bangon gaba da ƙarafa ta baya, komai ya tafi, ɗakuna da matakala da tandu. Bangon na tsaye shi kaɗai a bakin titi. Ta tagar Baba ana hango gajimare. Eparama na sama a kan tsani yana yanka katako na ƙarshe da ya haɗa baranda da abin da ke baya, yana yi a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Mutane sun taru a tsallaken titi suna yaba gwanintarsa.

Da aka gama sabon ginin, sai ga dogon bene na gilashi ya tashi a bayan tsohon bangon, yana leƙo shi ta sama. Aka yi wa fuskar fenti ruwan ƙwai, aka zagaye tagogin da shuɗi, aka rubuta sunan Ah Tong da ruwan zinare, abin da shi Ah Tong bai taɓa yi ba yana raye. Rumfar ƙasa aka cire ta, wai tana rufe kyan ginin, aka maƙala wani ɗan gilashi a saman ƙofa wanda ko kare ba zai fake a ƙarƙashinsa ba. Inda ake sayar da burodi ya zama hanyar shiga, ciki shagunan turare da tabarau, da sanyin na'ura mai sa ciwon kai. A baranda aka jera tukwanen furen roba da kujerar lilo guda ɗaya, an kafe ta da ƙusa. Tagar Baba an sa mata farin labule mai kyau. Bayan labulen bulo ne.

A shekarar ne kan Baba ya fara juyewa. Da farko sunaye ne suke ɓace masa. Daga baya sai in dawo daga kasuwa in tarar ba ya nan. Ashe bas yake hawa ya shigo gari, ya je ya tsaya a tsallaken titi yana kallon barandar, ruwa na dukansa, don yanzu babu inda mutum zai raɓe a layin nan gaba ɗaya. Na yi faɗa, na ɓoye takalmansa, ya tafi ba takalmi.

Wata rana da azahar wata mai sayar da abarba ta hawo ta ce mini in yi maza, tsohona na rigima da masu gadi. Na rufe teburi na ruga. Na tarar da shi a cikin ginin, a gefen hagu inda matakala take a dā, yana shafa bangon tayil da hannu biyu. Mai gadi ɗaya, saurayi mai ladabi, yana cewa, "Kaka, babu bene a nan, sai dai ka bi ta na'urar hawa sama, kuma can ofisoshi ne." Baba na cewa ya bar shayi a kan wuta. Masu sayayya na ratsewa suna kallonsa. Ya jiƙe sharkaf, zanensa na ɗiga a kan tayil, wata mata na bin bayansa da tsumman goge ƙasa.

Na kama hannunsa ya fizge. Bai san ni ba. A nan Eparama ya shigo, wani ya je ya kira shi daga inda suke aiki a titin baya. Ya zo da ƙurarsa, ya durƙusa a gaban Baba.

"Kawu, zo mu je gida."

Baba ya dube shi da kyau. "Ɗan samari, kai ma'aikaci ne a nan?"

"E."

"Wani ya ɗauke matakalar. Ka ga wanda ya ɗauke?"



"Ba komai," in ji Baba, ya dafa kafaɗarsa. "Ina da ɗan ƙanwa, Eparama, ƙato ne kamar kai. Shi ya san aikin katako. In ya zo zai mayar da ita."

Eparama ya juya masa baya ya tsuguna, na taimaka Baba ya hau. Ya goya shi tun daga nan har tashar bas, cikin ruwa, ina biye da su. Baba na ta ba shi labarin jiragen da ya yi wa girki. 

Lahadin da ta biyo baya Eparama ya zo unguwarmu da Unaisi da dattawa biyu na ƙauyenmu. Ya zo da tabua, haƙorin babban kifin teku da ake miƙawa in laifi ya yi girman da baki ba zai iya ba. Ya daɗe ya kamata ya kawo shi. Girman kai ne ya hana shi, ko kuwa a ransa bai yarda ya yi laifi ba, ban sani ba. Aka shimfiɗa tabarma, ruwan teku na motsi a ƙarƙashin daɓen. Dattijo ɗaya ya yi jawabin neman gafara, Eparama ya rarrafa ya miƙa haƙorin, kansa a ƙasa.

Abin mamaki, Baba bai manta wannan ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya sumbaci igiyar, ya faɗi kalmomin karɓa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, aka tafa yadda ake tafawa. Sannan ya juya wajena, fuskarsa a sake, ya ce, "Na karɓa. To me aka yi?"

 Unaisi ta tashi ta fita.

Baba ya rasu a daminar da ta zagayo, bayan ya sha fama da tari. Eparama ne ya haƙa kabarin, bai bar kowa ya karɓi shebur ba.

Ya ci gaba da aikinsa har wasu shekaru. Gidajen katako suka ƙare a tsakiyar gari, suka koma rushe na siminti, har da wasu da aka gina a gaban idonmu. Dayal ya sayar da kayan aikinsa ya bi 'ya'yansa ƙasar waje. 'Ya'yan Eparama maza biyu suka girma, ɗaya ya shiga soja aka tura shi nesa, ɗaya ya tafi tsinkar 'ya'yan itace a New Zealand. Tsakanina da shi wasa ya dawo, amma ba kamar dā ba. Mukan yi shi ne kamar mutanen da ke cika alkawari.

A coci aka fara ganewa. Yakan ɗauko baiti ya sake shi a tsakiya, ya tsaya yana haɗiyar iska. Daga baya ya bar layin mawaƙa ya koma bencin baya. Sai kuma benen kasuwa ya gagare shi. Yakan tsaya a ƙasa ya aiko a kira ni, in sauko in same shi ya jingina da bango, leɓɓansa sun yi duhu.

"Tsufa ne, taubashi?" na ce. "Ko kiɓa?"

"Ke ce. In na tuna fuskarki a sama sai ƙafata ta ƙi."

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye shi aikin da yake yi. Da ya gaya masa, likitan ya tambayi irin rufin da suke yankawa, da ko suna rufe hanci. Unaisi ta ce daga nan likitan ya sassauta murya, ita kuma ta gane. Ƙurar ce ta zauna a huhunsa tun shekarun farko, ba ta fita, babu kuma maganin da zai fitar da ita. Da aka bincika, biyu daga cikin abokan aikinsa sun riga shi da irin wannan ciwon, ana cewa tarin fuka ne.

Ya rame har zanensa na zagaye shi sau biyu. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci. Duk da haka zaman gida ba ya yi masa, sai Unaisi ta sa shi a bas su shigo gari ta ajiye shi kusa da kasuwa, ita ta je wankau da take yi a gidajen mutane. Matsalar ita ce wurin zama. Duk gefen ginin da ke da ɗan tudu an dasa masa ƙarafa masu tsini don kada a zauna. Inuwa babu, gilasai na maido da rana a fuskar mutum, in ruwa ya sauko kuma iska na bin tsakanin dogayen benayen tana watsa shi ta ko'ina. A ƙarshe na roƙi wata mai sayar da gwaza ta bar shi ya riƙa zama a kan buhunanta a ƙarƙashin tamfol.

A nan na same shi wata rana da rana tsaka, na kawo masa romon kifi da madarar kwakwa. Ya sha cokali kaɗan ya ajiye. A lokacin an buɗe wata sabuwar kasuwar zamani mafi girma a bakin ruwa, shagunan ginin Ah Tong sun koma can, rabin wurin a rufe. Fentin fuskar ya ɓare, barandar ta sunkuya, an ɗaure ta da koriyar raga don kada ta faɗo wa mutane.

"An ce za su sauke ta," na gaya masa.

"Na ji. Na gaya musu tun lokacin, katako in ba a zaune a bayansa ba ya daɗewa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ko minti talatin ba za ta ɗauke su ba."

"Kana nadama?"



"Ɗakin bayan nan, ko yau aka sake gina shi zan rushe shi. Wannan ban yi nadama ba." Ya yi tari, ya goge baki. "Ni dai na ɗauka in mun share wurin, mu za a gina wa. Ba wanda ya ce mini haka, Sala. Ni na gaya wa kaina."

 Na ce ya ƙara romon, ya ce gishiri ya yi yawa, wai da ma ban taɓa iya girki ba, shi ya sa bai aure ni ba.

Ya rasu wata Talata da safe, a zaune a bakin ƙofar ɗakinsu, Unaisi na shanya. 'Ya'yansa ba wanda ya samu zuwa a kan lokaci. Ya riga ya ce kada a binne shi a Suva, a kai shi Kadavu kusa da uwarsa, don haka muka naɗe akwatin da tabarmi da farin ƙyallen ɓawon itace muka kai shi tashar jirgi, ni da Unaisi da 'yan cocinsu.

Jirgin ya cika maƙil. Wani ɗan ƙauyen da ke kusa da namu, wanda ya yi arziki a ƙasar waje, yana gina bene a gida, kayan gininsa sun cinye rabin wurin, buhunan siminti da rodi da gilasai a cikin akwatunan katako, da wasu ginshiƙai farare guda huɗu da mutum ɗaya ke iya ɗaukar kowanne a kafaɗa. Aka ajiye Eparama a gefe, muka zauna kusa da shi. Ba a jima ba wani ma'aikacin jirgi ya zo, ya cire hularsa, ya ce mu yi haƙuri, ko za mu matsar da mamacin gaba kaɗan, saboda hadari ya haɗo kuma simintin ba ya son ruwa.

Unaisi ta dube ni. Muka tashi, muka kira mazan, aka ɗaga shi aka kai shi bakin jirgin inda rufin ya ƙare. Na kwance mayafina na shimfiɗa a kan tabarmin, Unaisi ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya don kada iska ta ɗauke, muka zauna a haka har jirgin ya fita daga gaɓa.